Cinikin Biri a Sama: Wa Ke Auna Digirin 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya taɓa kai riɗi kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san cewa a can ba a sayen labari. Ko kai ne limamin unguwa, ɗan kasuwa ba zai karɓi rantsuwarka a madadin duba buhu ba. Zai soka ƙarfe a cikinsa, ya zuba ƙwayar a tafin hannu, ya dubi farinta, ya hura ya ga yawan ƙasa da ƙaiƙayi, sannan a ɗora a ma'auni a ƙirga kintari. Babu manomin da ke jin an ci masa mutunci don an yi masa haka, domin ya san wannan binciken ne ya sa sunan riɗin Gadarif yake da daraja a kasuwannin ƙetare.

Amma manomin nan da kansa, ranar da ya karɓi kuɗinsa, sai ya ɗauke su cur ya kai wa wata kulliya da bai taɓa leƙa ajinta ba, bai san malamanta nawa ba, bai ga ɗakin gwaje-gwajenta ba. Tambaya ɗaya tak yake yi a bakin tagar mai karɓar kuɗi: "Shahadarku wizara tana buga mata hatimi?" Da an ce masa e, shi ke nan, hankalinsa ya kwanta. Mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ne yake cinikin biri a sama da shekaru huɗu ko biyar na rayuwar ɗansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a unguwarmu. 'Yar wani maƙwabcina ta yi shekara huɗu tana karatun gwaje-gwajen asibiti a wata kulliya mai zaman kanta, wadda ba zan ambaci sunanta ko garin da take ba. Mahaifinta ya ci bashin shel damina biyu a jere, ya sayar da dawarsa tun tana tsaye a gona a kan farashin da mai kuɗi ya ga dama, don kada a hana ta shiga jarrabawa. Ranar da ta gama an yi walima, an yanka rago, ni ma na ci na yi addu'a. Bayan 'yan watanni ta je wata cibiyar lafiya neman horo, aka miƙa mata gilashi mai ɗigon jini aka ce ta duba ko akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ta kasa ko daidaita madubin. Da ta dawo gida tana kuka ta gaya wa mahaifiyarta cewa a ajinsu sun haura ɗari, madubin ganin ƙwayoyin cuta uku ne, ɗaya ne kawai ke aiki, kuma yawancin abin da ake kira darasin aiki da hannu a allo aka zana musu shi. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, kuma ba ta yi ha'inci ba. Abin da aka sayar mata ta karɓa. Shahadarta kuwa tana ɗauke da hatimai cif-cif, babu wanda zai ce ta jabu ce.

To a nan ne ruɗanin yake, kuma masu cin moriyarsa ba sa son a warware shi. Akwai kalmomi uku da ake cakuɗa mana su da gangan. Tasdiƙ shi ne izinin buɗe makaranta: an ga gini, an ga takardu, an ga jerin sunayen malamai, an ce a fara. Tausiƙ shi ne shaidar cewa wannan takarda daga wannan makaranta ta fito, kuma sa hannun da ke kanta na gaskiya ne. I'itimad kuwa shi ne a aiko masana daga waje, waɗanda ba sa cin albashin makarantar, su zauna kwanaki, su shiga aji, su ƙirga kayan aiki, su buɗe takardun jarrabawar da aka riga aka duba su ga yadda aka ba da maki, su keɓe da ɗalibai su ji ta bakinsu, sannan su yanke hukunci a kan kowane fanni shi kaɗai, na wani wa'adi, bayansa a sake dawowa. Na farko yana cewa an yarda ka buɗe shago. Na biyu yana cewa rasidin daga shagon ya fito. Na uku ne kaɗai ke soka ƙarfe a buhu. Mu kuwa na farko da na biyu muke tambaya, allunan talla ma su suke rubutawa da manyan haruffa.

Yadda muka iso nan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kafin 1989 jami'o'in Sudan ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba: ta Hartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta Musulunci ta Umdurman, ta Juba, ta Jazira, sai reshen Jami'ar Alƙahira. A ƙarshen 1989 gwamnatin Umar al-Bashir ta shelanta abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Aka ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, aka mayar da harshen koyarwa Larabci, aka soke ciyarwa da masauki na kyauta, aka shiga buɗe jami'o'i a jihohi kamar ana shuka a farkon damina. Jami'ar Gadarif ta tsaya da ƙafarta a 1994, shekarar da aka raba Jami'ar Gabas gida uku tsakanin Kasala da Bur Sudan da nan. Yau jami'o'in gwamnati sun haura 30, masu zaman kansu da kulliyoyi kuwa sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba.

Ba ni cikin masu kukan cewa da ma ba a buɗe ba. Na san su wane ne ke shiga Jami'ar Hartum a wancan zamani da ake kira na zinariya, kuma na san 'ya'yan manoman bakin Rahad da Atbara ba su da yawa a cikinsu. Da jami'a ba ta zo Gadarif ba, da yawan 'yan matanmu da yau suke koyarwa a makarantu ko suke aiki a asibiti ba su taɓa zama a aji na sama da sakandare ba, domin iyaye ba za su sake su zuwa Hartum ba. Wannan alheri ne, kuma wanda ya musanta shi bai yi adalci ba. Laifin shi ne an buɗe ƙofofi ba a tanadi abin da za a tarar a ciki ba. Farfesa ba ya tsirowa da dokar shugaban ƙasa. Ana buƙatar shekaru masu yawa kafin a samar da malami ɗaya da ya isa ya duba aikin wani, kuma waɗanda ake da su, albashin da bai kai mako biyu ba ya kora da yawansu zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Sai aka wayi gari malami ɗaya sunansa yana cikin jerin malaman kulliyoyi da dama a lokaci guda, yana sauka daga wannan motar haya yana hawa waccan.

Sai a 2003, fiye da shekara 10 da fara buɗe-buɗen, aka kafa hukumar tantancewa da i'itimad. Tun ran gini ran zane, amma mu sai da aka yi rufi aka tuna da mai awo. Kuma a ina aka ajiye ta? A cikin Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi da Binciken Kimiyya. Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa. Wizarar da ke ba da izinin buɗe makaranta, wadda ke raba ɗalibai ta ofishin karɓa na bai ɗaya, wadda jami'o'in gwamnati ke ƙarƙashinta, wadda ake yaba wa ministanta da yawan makarantun da aka buɗe a zamaninsa, ita ce kuma uwar ɗakin hukumar da za ta ce wannan fanni bai cancanta ba, a rufe. Ba na zargin ma'aikatan hukumar da rashin gaskiya. Akwai masana na ƙwarai a cikinsu. Amma ko waliyyi ne, ba a sa mutum ya zama mai kaya kuma mai ma'auni. Shugabannin jami'o'in ma daga sama ake naɗa su, daga sama ake sauke su: an share su bayan faɗuwar Bashir a 2019, aka sake share waɗanda suka gaje su a watan Maris na 2022 da umarni ɗaya. Wanda kujerarsa ke rataye a kan yardar mai mulki, da wane baki zai rubuta cewa fannin kaza a jami'arsa ba shi da malamai?

Ga kuma karɓa ta musamman, wadda kowa ya sani kuma kowa ya saba da ita har ta daina ba mu kunya. Kujera ɗaya, aji ɗaya, amma ɗan talaka sai ya kawo nisba mai tsawo, ɗan mai hali ya shigo da ƙasa da haka idan an biya. Shugabannin jami'a za su ce da wannan kuɗin suke biyan wuta da alli, tun da baitulmali ya yi watsi da su, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai makarantar da ke rayuwa da kuɗin ɗalibi tana jin nauyin kayar da shi. Abin da ya fara a jami'ar gwamnati a matsayin lalura, a wasu kulliyoyin kasuwa ya zama shi ne dukan sana'ar.

Kada wani ya ce Sudan ba za ta iya ba. Majalisar Likitoci ta Sudan, wadda take tsaye da dokarta daban, ta gina tsarin tantance kulliyoyin likitanci har Tarayyar Ilimin Likitanci ta Duniya ta amince da ita a 2018, amincewa ta shekara 10, a lokacin da hukumomi kaɗan ne a Afirka suka kai wannan matsayi. Kulliyar likitanci ta Jazira ta yi suna a duniya da salon koyarwar da ke kai ɗalibi ƙauye tun yana farkon karatu. Iyawa tana nan. Abin tambaya shi ne yadda majalisa ɗaya za ta bi sawun kulliyoyin likitanci fiye da 60, waɗanda ba ita ta ba su izinin buɗewa ba, da yawansu kuma kafin yaƙi a asibitoci ƙalilan na Hartum suke cunkusa ɗalibansu a kan gadon majiyyaci ɗaya. Idan haka lamarin yake a likitanci, inda ido yake, me ake tsammani a fannin tarbiyya da lissafin kuɗi da kwamfuta, inda babu mai leƙawa?

Ana wata sai ga wata. Tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya rusa abin da ya rage. An wawashe jami'o'in Hartum, an ƙone ɗakunan karatu. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, ɗalibai da malamai suka kwararo gabas, muka gan su da idonmu a makarantun Gadarif da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Jami'o'i suka buɗe cibiyoyin wucin gadi a jihohin da ke da sauƙi da kuma Masar da Saudiyya, wata ma ta kai ɗalibanta na likitanci Ruwanda da Tanzaniya. Sauran suka koma karatu ta wayar hannu, malami ya naɗi murya ya tura ta WhatsApp ko Telegram, ɗalibi ya hau tudu yana neman intanet. Ina cire hula ga malaman da suka yi wannan aiki watanni babu albashi. Amma yanzu an samu sabuwar garkuwa. Da ka ɗaga maganar inganci sai a ce maka: yaƙi ake yi, a tausaya wa yara, a bar su su fita.

Tausayi ne wannan? Tarihi da fiƙihu ana iya koyon wani abu nasu ta waya. Ɗinkin rauni, karɓar haihuwa, awon ƙasa, gwajin ƙarfin kankare, waɗannan sai hannu ya taɓa. Mu a wannan jiha mun fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Ƙasarmu baƙa mai tsagewa, mai aduwa, ita ce gidan ƙudan da ke kawo kala'azar. Cutar tana farawa da zazzaɓi kamar na sauro, sai saifa ta kumbura, jiki ya rame, kuma idan ba a yi magani ba yawanci kisa take yi. Maganinta allurai ne na kwana 17, masu nauyi a jiki, waɗanda ba a ɗirka wa mutum da ka. Tsakanin yaron da ke kwance a Doka ko Hawata da kabari, akwai mai gwaji da ya san abin da yake dubawa. Da kwalara ta ɓarke a Gadarif a Satumbar 2023, ba hatimi ne ya sa wa mutane ruwa a jijiya ba. Wanda ya yaye ɗalibi bai iya ba da sunan tausayi, ya tausaya wa mutum ɗaya ne ya jefa ƙauye guda cikin haɗari, kuma ba a unguwannin manya za a tura wannan ɗalibin aiki ba. Wurinmu za a turo shi.

Duniya ma ba ta karɓar uzurin yaƙi. A 2022 majalisar likitoci ta Najeriya ta sanar cewa ba za ta amince da digirin likitanci da aka kammala ta intanet daga Yukren ba. A Disambar 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Cikin kwanaki gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance shahadun Jamhuriyar Benin da Togo gaba ɗaya, mai gaskiya da maƙaryaci aka haɗa su a buhu ɗaya. Shekaru da dama jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato sun yi ta turo 'ya'yansu karatu Sudan, kuma Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Hartum ta yaye Hausawa masu yawa. Wannan amana da aka daɗe ana ginawa, takarda ɗaya daga wata hukuma a Abuja ko Riyad ta isa ta rushe ta.

Me ya sa nake ganin maganar ta fi shafar mu Hausawa? Domin mu ba mu da wasɗa. Ɗan wanda kawunsa ke wizara, ko shahadarsa ta ruwa ce, za a nema masa tebur. Namu yaron, da zarar an ji sunan kakansa, wani lokaci sai an sake tambayarsa takardar asali, alhali kakannin nasa suna wannan ƙasa tun kafin Mai Wurno ya sauka a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma tare da shi suka zo. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganar da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa game da asalinmu ta fitar da mutane kan titi a nan da Kasala. Ba mu manta da Yulin 2022 a jihar Nilul Azraƙ ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, abin da kawai zai yi masa magana a gaban kwamitin ɗaukar aiki shi ne takardar da kowa ya yarda cewa ba a samunta sai da iyawa. Ranar da digiri ya zama abin da kowa ke da shi kuma babu mai gaskata shi, za a koma zaɓe da dangi da ƙabila, kuma kun san inda muke a wannan layin.

Akwai tsoro ɗaya da nake girmamawa. Wasu dattawa sun ce mini: idan aka tsananta, jami'o'in jihohi za a fara rufewa, a bar na manya. Tarihi yana goyon bayansu. Abraham Flexner ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya fitar da rahoto a 1910 wanda ya sa aka rufe da yawa. Ilimin likitanci ya gyaru, amma cikin makarantu 7 na baƙaƙen fata biyu ne kawai suka tsira, Howard da Meharry, kuma al'ummarsu ta daɗe tana ɗanɗana ƙarancin likitoci. Don haka ba ina kiran a zo da gatari ba ne. Idan masu tantancewa suka tarar jami'ar gwamnati a jiha ba ta da kayan aiki, hukuncin ya hau kan baitulmali: a ba da wa'adi, a ba da kuɗi, a rage yawan ɗauka har a gyara. Jihar da ke ciyar da Sudan da dawa, take kawo mata kuɗin waje da riɗi, ba bara take yi ba idan ta nemi haka. Amma ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin ɗalibi ɗari ya sayi madubi uku, wannan ba talauci ke damunsa ba, kuma babu dalilin yi masa sassauci.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da laifi. Mun mayar da rigar yaye da hoton Facebook su ne manufa. Uba yana alfahari a majalisa cewa ɗansa "daktor" ne, bai taɓa tambayarsa majiyyaci nawa ya taɓa ba. Abin mamaki, mu ne jikokin mutanen da ba sa wasa da wannan. A tsangaya ba a kiran mutum alaramma don ya daɗe a gaban malam. Sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, mahaddata sun bi rubutun harafi bayan harafi. Gwani ba ya naɗa kansa, gwanaye ne ke yarda da shi bayan sun gwada shi a zaman darasu. Malamin da ya ba da ijaza sunansa yake sawa a ciki, da na malaminsa, har sama, yana sane cewa idan ɗalibin ya yi kwaɓa shi za a zaga. Masu duba na waje, da alhakin da ke bin mai sa hannu, duk mun san su tun kafin a ƙirƙiro musu sunaye a taron bita.

Abin da ya kamata mu nema a fili, ta bakin ƙungiyoyinmu na ɗalibai da sarakunanmu da duk wanda ke da kujera a jiha, shi ne a fitar da hukumar i'itimad daga ƙarƙashin wizara, a ba ta dokarta da kasafinta, kuma a wajabta mata buga sakamakonta fanni-fanni inda kowa zai gani, a saka shi a cikin littafin jagorar karɓa kusa da sunan kowace kulliya. Waɗanda suka yi karatun aikin hannu ta waya a shekarun yaƙi a shirya musu watannin cike giɓi a asibitoci da gonakin gwaji kafin a ba su lasisi, kuma makarantun da suka karɓi kuɗinsu su ɗauki nauyin. Wannan ba wulaƙanci ba ne gare su, kariya ce ga takardarsu.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya jiran izinin kowa. Muna da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a a cikinmu. Su ware mako guda a lokacin cike takardun karɓa, su zauna da iyaye a masallaci ko makarantar unguwa. Uba kuma ya je da ƙafarsa, ya ce a nuna masa takardar i'itimad ta fannin da ɗansa zai karanta, da kwanan watanta. Ya tambayi malamai nawa ne na dindindin, a wane asibiti ake horo, ɗalibai nawa suka faɗi bara. Kulliyar da ta ce babu wanda ya faɗi, ya ɗauki takalminsa.

Ita kuwa 'yar maƙwabcina, wani tsohon ma'aikacin gwaji ya ji labarinta ya ce ta riƙa zuwa wurinsa bayan la'asar. Wata na biyar ke nan tana zama kusa da shi, ba ya karɓar ko sisi, kuma makon jiya ta gane ƙwayar zazzaɓi da kanta a karo na farko. Mahaifinta har yanzu bai gama biyan mai shel ba.